Da wa mahaifinka ya yini jiya?

Mai karatu, idan ka raka dattijon gidanku asibiti, ka san tambayoyin da za a yi masa tun kafin ku zauna. Ina ne ke ciwo? Tun yaushe? Yana cin abinci? Yana samun barci? Tambayoyi ne masu kyau, da su likita ke kama bakin zaren cuta. Sai dai akwai wata tambayar da cunkoson layi ba ya barin likita ya yi, alhali masu nazarin zaman jama'a sun shafe kusan shekaru ɗari suna nuna cewa amsarta na cikin manyan sabubban lafiya da rashinta. Tambayar ita ce: da wa wannan bawan Allah ya yini jiya? Wa ya yi masa sallama, wa ya nemi shawararsa, wa zai lura idan bai fito ƙofar gida ba?

Ina ɗora maka wannan tambaya ne musamman idan kana zaune a tsallaken kogin Kaduna ta kudu, a Kakuri ko Makera, Nasarawa ko Barnawa, Television, Narayi ko Sabon Tasha, domin a waɗannan unguwanni tana da nauyin da ba ta da shi a wurare da yawa.

Wanda aka haifa bayan shekarar 2000 zai sha wuya kafin ya yarda da yadda Kakuri take a da. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, tana saƙa akoko. Cikin shekarun 1960 Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, a 1975 kuma kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya buɗe. Dubban mutane suka kwararo daga kowace kusurwa: Hausawa da Bajju da Atyap, Tibi da Idoma, Nupawa, Yarbawa, Igala. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa baki ɗaya a Kaduna take, kuma daga masaƙar Arewa ne Adams Oshiomhole ya fara harkar ƙwadago. Ni a cikin wannan hayaniya na tashi, a gidan haya a Makera, mahaifina yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun. Ba mu cika duba agogo ba. Lokacin canjin aiki, idan masu aikin safe suka fito na rana suka shiga, titi kan cika da kekuna har mai tsallakawa sai ya jira. Mai tuwo ta san lokacin da za ta sauke tukunya, mai shayi ya san lokacin da zai hura wuta, mu yara mun san lokacin da za mu bar wasa mu shige gida.

Yadda abin ya rushe sananne ne, ba sai na daɗe a kai ba: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, da atamfa mai araha da ake fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL ta tsaya a 2007 kafin a sake buɗe ta daga baya ba da ƙarfinta na da ba. Tsofaffin ma'aikata da yawa sun shafe shekaru suna bin kuɗin sallama, wasu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su karɓa ba. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne abin da rufewar ta yi wa jikin mutane, kuma domin mu gane shi sai mun yi 'yar tafiya zuwa wani ƙauye mai nisa da abin da ya same mu ya riga ya same shi.

Sunan ƙauyen Mariyental, kusa da Biyana, babban birnin Ostiriya. Masaƙa ce ta kafa shi, kuma kamar Kakuri, ita ce ke ciyar da shi. Tsakanin 1929 da 1930 masaƙar ta rufe, aka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na iyalai 478 da ke ƙauyen ba su da mai aiki ko ɗaya. Sai wasu matasan masu bincike, Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel da abokan aikinsu, suka shiga ƙauyen domin su ga yadda rashin aiki ke yi wa al'umma, suka fitar da littafinsu a 1933. Wani abu da ya burge ni game da su shi ne ƙa'idar da suka gindaya wa kansu, cewa babu wanda zai je a matsayin ɗan kallo: sun raba tufafi, sun kawo likita yana duba mutane kyauta, sun buɗe ajin koyon yankan ɗinki, a cikin haka suke lura suna rubutawa. Da ma duk mai zuwa ƙofar gidajenmu da takardar tambayoyi zai yi koyi da wannan.

Mutane da yawa a lokacin sun zaci waɗanda aka kora za su fusata su tayar da ƙura. Abin da aka gani akasin haka ne: gari ya yi sanyi. Littattafan da ake ara daga ɗakin karatun ma'aikata sun ragu da kusan rabi, alhali an soke kuɗin ara kuma kowa na da lokaci. Lambun shaƙatawa da suke alfahari da shi ciyawa ta cinye shi, babu mai nomewa. Masu binciken sun laɓe a taga suna auna tafiyar mutane a babban titi, suka ga mazan suna jan ƙafa suna tsayawa babu dalili, matan kuwa suna sauri, domin su har yanzu girki da wanki da raino na raba musu yini gida-gida. Da aka ba maza takarda su rubuta abin da suka yi sa'a bayan sa'a, da yawa ba su da abin rubutawa tsakanin tashi daga barci da cin abinci da kwanciya. Hatta yara, da aka ce su rubuta kyautar da suke fata a bikin Kirsimeti, sai suka nemi abubuwa masu araha ƙwarai idan aka kwatanta da na yaran ƙauyukan maƙwabta. Fata ma kanta ta ƙanƙance.

Daga baya Jahoda ta yi bayanin abin da ta fahimta. A wurinta, aiki ba albashi kaɗai yake ba mutum ba. Yana tsara masa lokaci, yana haɗa shi da mutanen da ba danginsa ba, yana sa shi cikin wata hidima da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, yana ba shi suna da matsayi, yana kuma tilasta masa motsi. Ranar da aka rufe ƙofar masana'anta, duk waɗannan tare suke tafiya da albashin, amma albashin kaɗai ake kuka a kai, domin shi ne ake iya ƙirgawa.

Lokacin da na fara karanta wannan, mahaifina na gani. Watannin farko bayan an tsayar da aikinsu, yakan tashi da asuba kamar kullum, ya yi wanka, ya sa kaya, ya fita wai zai je jin labarin kuɗinsu. Daga baya fitar ta koma ta mako-mako. Daga baya ta koma zama a kan benci a ƙofar gida da rediyo a kunne. Mutumin da ya iya gane injin da ya kusa lalacewa daga jin ƙararsa kawai, wanda samari ke kira Oga suna neman ya duba musu, ya zama ba mai tambayarsa komai sai kuɗin cefane, wanda kuma ba shi da shi. Bai taɓa cewa yana ciwo ba. Mahaifiyarmu ce ta lura ba ya barci, kuma abu kaɗan ke harzuƙa shi, shi da a da ba a jin muryarsa. Da aka auna jininsa, ya hau sosai.

Kada ka ce labarin gida ɗaya ne. A jihar Fensilbaniya ta Amurka, Daniel Sullivan da Till von Wachter sun bi bayanan mazan da suka daɗe suna aiki a kamfanoni aka sallame su a lokacin rage ma'aikata, suka wallafa sakamakon a 2009. A shekarar farko bayan sallama, yawan mutuwa a cikinsu ya zarce abin da aka saba gani da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari, kuma ko bayan shekaru ashirin bambancin bai gushe ba. Tun kafin wannan, a 1979, Lisa Berkman da Leonard Syme sun ba da rahoton mutane kusan 7,000 da aka bi har shekaru tara a gundumar Alameda ta jihar Kalifoniya: waɗanda suka fi ƙarancin hulɗa, ta aure ko abota ko wurin ibada ko ƙungiya, sun mutu fiye da ninki biyu na waɗanda suka fi yawan jama'a, ko da an cire tasirin shan taba da ƙiba da halin lafiyarsu na farko. A 2010 kuma Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da suka shafi mutane sama da 300,000, suka sami abu ɗaya: ƙarfin zumunci na tafiya tare da tsawon rai, kuma girman tasirinsa ya kai a jera shi da sanannun haɗurra irin su shan taba.

Rai da ajali a hannun Allah suke, babu mai jayayya. Amma kamar yadda muka yarda sauro sababi ne na zazzaɓi, haka kaɗaici da zaman banza sababi ne, kuma hanyarsu zuwa jiki ba ɓoyayya ba ce. Damuwar da ba ta yankewa tana sa jiki ya riƙa sakin sinadaran da ke ƙara bugun zuciya suna matse jijiyoyin jini. Barci ya lalace. Wanda a da yake taka keke zuwa aiki ya koma zama wuri ɗaya. Kuɗin magani ya gagara, sai a sha na kwana uku a ajiye. Wani ya nemi mafaka a sigari ko kwalba. Sannan ga babbar illa: babu abokin aiki da zai dube shi ya ce, yau fuskarka ba daidai take ba, tashi mu je a duba ka.

A ganina, bai kamata mu ɗauki alƙaluman Amurka mu manna wa Kakuri ba. Alkiblar da suke nunawa za mu ɗauka. Mu muna da tamu garkuwar. Wasu masana biyu daga ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi shekaru suna nazarin ma'aikatan masaƙun Kaduna da Kano a lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1980, kuma cikin abin da Andrae ta rubuta har da yadda ma'aikatan suka jingina da noma domin cike giɓin albashin da ya daina isa. Wannan gaskiya ne, mun gani da idonmu. Abin da ya ɗaga mahaifina daga benci, bayan maganin da likita ya ɗora shi a kai, wani tsohon abokin aikinsa ne, Batibe, da ya sami aron fili a bakin kogi ya ce ba zai iya shi kaɗai ba. Ko da gaske ba zai iya ba, ko dabara ce, har yau ina zargin dabara ce. Kowace safiya sai ya zo ya tsaya a ƙofa yana kiran sunansa na wurin aiki, ba ya tafiya sai sun tafi tare. Alayyafo da kuɓewar da suke samu ba su taka kara sun karya ba. Amma ya koma yana da wurin zuwa, da lokacin zuwa, da mai jiransa.

Sai dai wannan garkuwa ta zumunci ita ma ta sami rauni a garin nan, kuma a daidai shekarun da masaƙu ke rufewa. Rikicin watan Fabrairu da na Mayu na 2000, da na Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, sun sa dubban iyalai sun kwashe kaya. Musulmi da yawa suka haura arewacin kogi ko suka taru a wasu unguwanni, Kiristoci da yawa suka gangaro kudu. Ba siyasar abin nake magana a kai ba. Ina magana ne a kan tsohuwar da ta yi shekaru talatin da maƙwabciyar da ta san ranar asibitinta, ta san maganin da take sha, ta karɓi haihuwar 'ya'yanta, sai ga ta a sabuwar unguwa inda kowa ke gaishe ta da ladabi amma babu wanda ya san ta. Ta sami kwanciyar hankalin dare, ta rasa mai leƙo ta da rana. Irin wannan asara ba ta shiga lissafin gidajen da aka ƙona.

An yi wani bincike a nan Kaduna da ya taɓo wannan. A 2014, Alexandra Scacco da Shana Warren sun zaɓo samari 849, Musulmi da Kiristoci, daga unguwannin talakawa, aka ba wani kaso daga cikinsu horon kwamfuta na mako goma sha shida. Wasu aka sa su aji mai gauraye, wasu aji na addini ɗaya, da ƙuri'a. Sakamakon, wanda ya fito a 2018, bai yi wa kowa daɗin baki ba: ra'ayin da samarin ke da shi game da ɗaya ɓangaren bai canja ba. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi na gaske, waɗanda suka zauna a aji mai gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba, waɗanda kuwa aka ware da 'yan uwansu kaɗai nuna bambancinsu ƙaruwa ya yi. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne, ba sai zuciya ta gama wankewa ake cin amfanin cuɗanya ba. Iyayenmu a masaƙa ba wa'azin haɗin kai aka yi musu ba. Inji ɗaya suka tsaya a kai, adashi ɗaya suka zuba, sai ga shi wanda ya kwanta ciwo an cika ɗakinsa. Ba banza ba harshenmu ya kira ƙoshin jiki lafiya, ya kuma kira rashin fitina zaman lafiya.

To, me ke hannunka, kai da ba ka da ikon buɗe masaƙa?

Abu na farko mai sauƙi ne har ana raina shi: awon jini. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa. Mutum na iya yawo da shi shekaru, ranar da zai bayyana ya bayyana da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Duk wanda ya rasa aiki, ko ya yi ritaya, ko ya rasa abokin zama, ko aka tashe shi daga unguwarsa, a auna shi, a kuma maimaita a wata ranar. Idan awon na kaiwa 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, magana ta zama ta likita, ba ta mai kemis kaɗai ba. Idan aka ɗora shi a kan magani, ba a dainawa don an ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Idan kuwa ka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a nufi asibiti nan take.

Na biyu ya fi wuya, domin ba a sayensa. Idan kuna aika wa Baba kuɗi ta waya duk wata kuna ganin kun sauke nauyi, kun sauke rabi ne. Zumunta a ƙafa take. Kuma idan kun je, kada ziyarar ta ƙare a kan "ya jiki" da "Allah ya ƙara sauƙi". Dattijo ba tausayi yake nema ba, so yake a buƙace shi. Ku kawo masa rigimar da za ya sasanta, ku ba shi jikan da zai raka makaranta kowace safiya, ku tambaye shi yadda ake gyara abin da kuka san ya iya ko da kuna da mai gyara. Idan yana da majalisa, ko ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, ko taron 'yan garinsu, ko zaman bayan sallah a masallaci, ko ƙungiyar maza a coci, kuɗin motar zuwa wurin yana cikin kuɗin magani, kada ku gan shi a matsayin ɓarna. Idan tsohon amininsa yana tsallaken kogi, ku ɗauke shi ku kai shi. Gada ce kawai a tsakani.

Ke kuma uwar gida, da binciken Mariyental ya nuna ba ki rasa abin yi ba, wannan ba ya nufin kin tsira. A gidaje da yawa na Kakuri da Nasarawa, ranar da albashi ya tsaya ke kika ɗauki gidan a ka, da tuyar ƙosai ko ɗinki ko sayar da kayan miya, ga kuma haƙuri da mai gidan da ransa ke ɓace. Naki jinin ma a auna shi. Adashinki da zumuntar matan unguwa kada ki bari hidima ta raba ki da su.

Akwai kuma lokacin da zumunci kaɗai ba ya isa. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, abin da yake so a da ya daina ba shi sha'awa, barci da cin abinci sun rikice, yana cewa shi ba shi da amfani, wannan ciwon damuwa ne, cuta ce mai magani, ba raunin imani ba ce kuma ba lalaci ba ne. Idan har ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi ga likita a ranar. Mu a wannan ɓangare ba mu da uzurin nisa: asibitin gwamnatin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa yana Barnawa, kuma ba waɗanda suka fita hayyacinsu kaɗai ake dubawa a can ba, har da masu rashin barci da damuwa da masu fama da shaye-shaye. Ga babban asibitin Gwamna Awan da asibitin Saint Gerard a Kakuri, ga cibiyoyin lafiya na matakin farko a mazaɓu, inda awon jini ba ya ɗaukar minti biyar. Ku kuma tambayi yadda ake shiga shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, wato KADCHMA, domin kuɗin magani na wata-wata shi ne ke karya yawancin masu hawan jini.

Ranar da za ku shiga wurin likita, mai yiwuwa akwai mutum hamsin a bayanku, ba zai sami sukunin tambayar yadda Baba ke yini ba. Kai ka faɗa ba sai an tambaye ka ba, a gaban Baba kuma da izininsa, cikin jimla biyu ko uku: tun shekara kaza ba ya aiki, mun tashi daga unguwarmu, abokinsa ya rasu da azumin bara, tun daga nan ba ya fita kuma ba ya barci. Ka tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, da takardar da kuka rubuta awon jininsa na kwanakin baya.